Kafin a Auna Hayaƙin Ma'aikata, Sai an Raba Shi da Ƙura

Matafiyin da ya bi babbar hanya daga Ƙonni zuwa Madawa, in ya kawo Malbaza, tun daga nesa yake hango hasumiyar ma'aikatar siminti da dogon bututun hayaƙinta. Tun cikin shekarun 1960 ake gasa siminti a wannan gari, kuma cikin shekara ta 2019 an buɗe sabuwar ma'aikata wadda ta fi ta farko girma ƙwarai. Can arewa, kusa da Cirozerin cikin jihar Agadas, kamfanin Sonichar ya soma ƙona gawayin dutse domin samar da kuran cikin 1981. Matatar mai ta SORAZ kuwa, wadda ke arewa da Damagaram, ta soma aiki cikin 2011. Wuraren nan uku sana'arsu ta bambanta, amma duk bisa wuta suke tsaye, kuma babbar wuta irin tasu ido kaɗai ba ya isa a san ko tana ci daidai. Hayaƙin da ke fitowa daga gare ta shi ke faɗin halin da take ciki, in an iya tambayar shi.

Iskar da mutum ke shaƙa, cikin kashi 100 nata kashi 21 oksijan ne, 78 kuma azot, sauran ɗan kaɗan wasu gaz ne dabam. Wuta oksijan take ci. In aka auna hayaƙin tanderu aka tarar oksijan ya rage da yawa a cikinshi, to, an hura ma wutar iska fiye da bukatarta, ana ƙona gawayi ko mai mai tsada domin kawai a ɗumama iskar da za ta fice ta bututu. In kuwa oksijan ya gaza, wutar ba ta cinye abincinta sarai, sai ta haifi gaz ɗin da masana ke rubutawa CO. Shi ne wanda ke kashe mutanen da suka kwana da garwashi cikin rufaffen ɗaki lokacin ɗari: ba shi da launi, ba shi da wari, kuma in ya taru da yawa yana kama wuta. Akwai kuma gaz ɗin farar wuta, SO2, mai shaƙe maƙogwaro da cin ƙarfe, da kuma oksid na azot wanda yawanshi ke nuna zafin harshen wutar. Mai tuƙin tanderun siminti yana zaune cikin ɗaki ne, alkalumman nan suna bayyana gabanshi, da su yake ƙara iska ko ya rage mai.

Ba a auna hayaƙin bututu gaba ɗaya. Ɗiba ake yi, kamar yadda mai sayen gyaɗa a da yake soka ma buhu ƙarfe mai rami, ya fid da ƴan ƙwayoyi a tafin hannu, da su ya yanke hukunci bisa buhun duka. Cikin shekarun 1870 wani Bafaranshe mai suna Orsat ya fito da wata akwati mai kwalabe uku. Ana zuƙo hayaƙi daidai gwargwado, a bi da shi cikin ruwan magani na farko ya shanye gaz karbonik, na biyu ya shanye oksijan, na uku ya shanye CO, kowane karo a duba nawa ya ragu. Aiki ne na hannu, mai cin lokaci, kuma ɗan ƙullin auduga a bakin tiyo ya isa ya tare mafi yawan toka. An yi shekaru da dama ana aiki da akwatin Orsat a ma'aikatun duniya. Amma tanderu ba ya jiran mai kwalabe. Kafin a gama awo guda, halin wutar ya sake.

Na'urorin da suka gaje ta suna awo ba tsayawa, dare da rana, sai dai suna da tsarguwa. Wajen ƙarshen shekarun 1930 wani Bajamushe, Karl Luft, ya ƙera wadda ke aiki da haske marar ganuwa, irin wanda mutum ke ji a fuska in ya matsa kusa da garwashi. Hayaƙin yana bi ta cikin wani ɗan bututu mai tagar gilashi a kowane gefe, wanda aka goge cikinshi har yana ƙyalli, sau da yawa ma da zinariya ake shafe shi. Hasken ya shiga ta taga guda ya fita ta ɗayar, kowane gaz kuma yana shanye nashi rabo na hasken, da haka ake gane yawanshi. Cikin 1940 kuma Ba'amurke Linus Pauling ya ƙera ma'aunin oksijan, bisa sanin cewa maganaɗisu yana jan wannan gaz: ƴan ƙwallayen gilashi biyu ne, ƙanana ƙwarai, rataye da zare siriri tsakanin maganaɗisai, oksijan yana ture su, ana auna juyawarsu. Mai karatu ya ga inda matsalar take. Ƙura in ta kwanta bisa tagar, haske ya dushe, na'urar ta ɗauka gaz ne ya shanye shi. In ta liƙe ma ƙwallayen, nauyinsu ya sake, awo ya karkace. Na'urar ba ta mutuwa nan take. Tana ci gaba da ba da alkalumma, ga kamannin gaskiya, alhali sun kauce.

Ƙurar da ake magana ba irin rairayin da ke shiga takalmi ba ce. In aka raba milimetir guda gida 1000, kowane gida shi ne mikron. Kaurin gashin kan mutum wajen mikron 70 ne, ido kuma ba ya ganin ƙwayar da ta gaza mikron 40. Ƙurar tanderun siminti, da yawanta ba ta kai mikron 10 ba.

Wurin da ya fi wuya

Babu inda ɗibar hayaƙi ta fi wahala kamar bakin tanderun siminti, wato gefen da garin dutse ke shiga, hayaƙi kuma ke fita. Tanderun dogon bututu ne na ƙarfe, kwance, yana juyawa sannu a hankali, ana gasa garin dutsen farar ƙasa da yumɓu a cikinshi har zafin ya kai digiri 1450. Hayaƙin da ke barin shi ya wuce digiri 1000, kuma ƙurar da yake ɗauke da ita tana iya kai kilo guda ko fiye cikin kowane metir kubik. Ba ƙura ce busasshiya mai kaɗuwa ba. Akwai gishiri-gishiri a cikin hayaƙin waɗanda zafi ya mai da su tururi, da sun taɓa wuri mai sanyi sai su daskare, su kama ƙurar su zama ɓawo mai tauri kamar dutse.

Cikin wannan wuri ake zura sandar ɗiba, bututun ƙarfe mai tsawon metir 2 ko 3, wanda ruwa ke zagayawa cikin jikinshi domin kada ya narke. An yi mata keke da inji, in ruwan ya tsaya ko kuran ya ɗauke, sai ta janye da kanta. A gindinta, waje da tanderun, nan mataci na farko yake: wani abu kamar kwalba marar wuya, na gasasshen yumɓu ko na garin ƙarfe da aka matse, mai ƙofofi wajen mikron 2. Hayaƙi ya ratsa bangonshi, ƙura ta tsaya. Daga nan tiyo mai ɗumi ya kai hayaƙin ɗakin awo, inda wani ɗan firiji ke sanyaya shi zuwa digiri 4 ko 5 domin ruwan da ke cikinshi ya zube, sa'an nan famfo, sa'an nan mataci na biyu wanda ya fi na farko laushi, cikin kwalbar gilashi domin a riƙa ganin launinshi. Daf da na'urar a kan sa na ƙarshe, wata fata siririya wadda ba ta barin ko ɗigon ruwa ya wuce.

Tsarin ke nan, kuma in an duba shi bisa takarda ba wani abin wuya. Wuyar tana ga sharaɗin da aka gindaya ma matacin. Mutanen karkara sun san ƙyallen tace ruwa da aka rarraba lokacin yaƙi da kurkunu, ciwon da Hukumar Lafiya ta Duniya ta shaida an kawar da shi daga Nijar cikin 2013. Ƙyallen yana tare ƴan ƙwarin da ke ɗauke da ciwon, amma ruwan rijiya mai kanwa in ya ratsa shi, da kanwarshi yake fita. Haka ake so ga matacin hayaƙi: ya riƙe ƙura, ya saki gaz duka yadda ya zo, bai rage ba, bai ƙara ba, bai kuma jinkirta shi ba. Ƙyallen ruwa yana cika wannan sharaɗi ba tare da an wahala ba. Matacin hayaƙi kuwa, da an yi sakaci kaɗan, sai ya karya shi.

Abu na farko shi ne sanyi. Hayaƙi yana ɗauke da tururi, kuma duk wadda ta taɓa buɗe murfin tukunya ta san abin da tururi ke yi in ya sami wuri mai sanyi. In matacin ya huce, raɓa ta sauka cikinshi, ta haɗu da ƙurar siminti, su kwaɓe su bushe, ƙofofin su toshe har abada. Kafin ma a kai ga toshewa, an riga an yi ɓarna: SO2 yana narkewa cikin ruwa da sauƙi, ƙurar farar ƙasa kuma tana shanye shi, balle in tana da danshi. Sai gaz ɗin ya maƙale a mataci, na'ura ta nuna kaɗan, a rubuta cikin rahoto cewa hayaƙin ma'aikata yana da tsabta, alhali abin da ke fita ta bututu bai ragu ba. Don haka ake naɗe matacin da waya mai ɗumama shi zuwa wajen digiri 180. Ba digiri 100 ba, domin hayaƙi mai farar wuta yana soma zubar da raɓa mai tsami tun yana tsakanin digiri 120 da 150, raɓar nan kuwa asid ce mai cin ƙarfe. Ƙa'idar ita ce a fid da ƙura tun hayaƙin yana da zafi, a fid da ruwa daga baya, a wuri guda, da sauri. Wanda ya juya wannan jeri, taɓo zai samu cikin tiyo.

Jinkiri da haɗarinshi

Mataci ko mai zafi ne yana cika. Shi ya sa ake yi mashi busa: lokaci lokaci a tsai da ɗiba, a sako iska matsattsiya daga baya, mai ƙarfi kamar ninki uku na wadda ke cikin tayar ƙaramar mota, ta kakkaɓe ƙurar ta mai da ita cikin tanderu. Tsakanin busa da busa kuwa ƙura tana ƙara kauri, hayaƙin da ke wucewa yana raguwa, kuma a nan lissafi ya shigo. Tiyo mai faɗin milimetir 4 a ciki, mai tsawon metir 50, yana cin ɗan fiye da rabin litir. In famfo yana jan litir guda cikin minti, hayaƙin yana bukatar sakan 38 kafin ya kai ga na'ura, ban da lokacin da zai ɓata cikin gidan matacin da firijin. In ƙura ta rage gudun da rabi, an koma minti guda da kwata. Mai tuƙin tanderu yana duban labarin abin da ya riga ya wuce, yana tsammanin na yanzu ne.

Akwai wurin da minti guda ke raba lafiya da masifa. Wajen 1907 wani Ba'amurke, Frederick Cottrell, ya ƙera tarkon ƙura mai aiki da kuran: wani ƙaton ɗaki na ƙarfe, cike da wayoyi da faranta, inda ake sakin kuran mai ƙarfin volt dubbai masu yawa, ƙurar hayaƙi ta liƙe ma farantan maimakon ta fita sarari. Cikin 1912 aka kafa irinshi a wata ma'aikatar siminti kusa da garin Ribasaid na jihar Kalifoniya, bayan masu gonakin lemu sun yi ta kuka da ƙurar da ke rufe masu itatuwa. Tarkon yana aiki ƙwarai, amma cikinshi tartsatsi ba ya yankewa. In wutar tanderu ta shaƙe, CO ya yi yawa, ya iske iska da tartsatsi cikin ɗakin nan, yana iya fashewa. CO yana kama wuta in ya kai kashi 12 da rabi cikin 100 na iska, saboda haka tun yana nesa da wannan adadi na'urar awo ke yanke ma tarkon kuran da kanta. In labarin ya makara cikin toshasshen mataci, gaz ɗin ya riga saƙon isa.

Ma'aikatar da ta san awonta yana da nawa, dole ta sa a riƙa yanke kuran tun CO yana ɗan kaɗan, domin ta bar ma kanta rata. Kowane yankewa kuwa, ƙura ce ke fita ba tacewa, ta sauka bisa gonaki da rufin gidajen maƙwabta. Wannan ya sa cikin 2013 Tarayyar Turai ta rubuta cikin ƙa'idojin ma'aikatun siminti cewa jimillar irin wannan yankewa kada ta kai minti 30 cikin shekara, kuma a auna CO da na'ura mai saurin amsawa, kusa da inda yake fitowa. A irin wannan wuri a kan kafa sanda biyu, in guda tana busa ɗayar tana ɗiba, domin kada na'ura ta makance ko na ɗan lokaci. Sababbin ma'aikatu da yawa sun koma tace hayaƙinsu da dogayen jakunkunan ƙyalle, waɗanda ba su da tartsatsi, amma ko su ba su bar awon CO ba, musamman inda ake niƙa gawayi da inda ake ajiye garinshi, domin garin gawayi yana iya soma cin wuta a ɓoye.

Toshewa tana da wani sharri wanda ya fi wannan ɓoyuwa. Famfo ba ya daina ja don mataci ya cika. Sai ya nemi iska ta duk inda ya samu, ta bakin tiyon da bai ɗauru sosai ba, ko ta robar murfin da zafi ya busar. A ce oksijan na gaskiya a bakin tanderu kashi 2 ne cikin 100. In kashi guda cikin goma na abin da ya kai ga na'ura iskar waje ce, na'urar za ta nuna kusan kashi 4. Mai tuƙi ya ga iska ta yi yawa, ya rage ta kamar yadda aka koya mashi, wutar da dama ba ta da rarar iska ta shaƙe, CO ya tashi. Bai yi kuskure cikin aikinshi ba, na'urar ma lafiyarta lau. Laifin yana ga zoben roba wanda kuɗinshi bai kai na buhun siminti guda ba.

Akwai hanyar kama wannan, kuma ba ta da tsada. Kowane ɗakin awo yana da kwalaben gaz waɗanda aka san abin da ke cikinsu daidai, da su ake daidaita na'ura. Sau da yawa a bakin na'urar ake sakin gaz ɗin, ta nuna adadin da ke rubuce jikin kwalba, a ce komi daidai. Wannan ya gwada na'urar kaɗai. Gwajin ƙwarai shi ne a hau can bisa, a saki gaz ɗin a gindin sanda, ya bi ta mataci da tiyo da firiji kamar yadda hayaƙi ke bi. In azot zalla aka saki amma na'ura ta nuna oksijan, akwai ɓula. In SO2 aka saki ya iso a rage, mataci ko danshi ya sha shi. Agogo a hannu kuma ya nuna sakan nawa tafiyar ta ci. Nijar tana da dokar kula da muhalli tun ranar 29 ga watan Disamba 1998, doka mai lamba 98-56, kuma ma'aikacin hukuma da aka miƙa ma takardar alkalumman hayaƙi yana da damar tambaya ta ina aka saki gaz ɗin gwaji, yaushe aka sake mataci na ƙarshe, digiri nawa yake ɗauke da shi. Littafin da mai kula da ɗakin ke rubuta waɗannan abubuwa ya fi takardar alkalumman ba da labari.

Ƙasar Sahel ta ƙara ma aikin nata nauyi. Lokacin hunturu, iskar da ke tasowa daga kwarin Bodele na ƙasar Cadi tana cika sarari da ƙura mai laushi, wadda ke shiga ko ta ƙaramar kafa. Injin da ke matse iskar busa wannan iskar yake zuƙa. In nashi matacin ya lalace, ko ya bar mai da ruwa suka biyo, to, kowace busa tana liƙe matacin sanda ta ciki, inda ba ya wankuwa. Lokacin bazara kuma, in ɗakin awo ya yi zafi fiye da ƙarfin firijin, danshi ya wuce zuwa na'ura. Ga kuma nisa da teku: matatai da zobban roba daga ƙasashen waje suke zuwa, odarsu tana iya cin watanni. Mai sa hannu bisa takardar sayen na'ura mai tsada, in bai sa an haɗa da kayan canji na shekara biyu ko uku ba, da horon wanda zai riƙa hawa hasumiya yana duba su, ya sayi abin da ba zai daɗe yana faɗin gaskiya ba.

Tun cikin shekarun 1990 an sami na'urori masu harba hasken leza ya ratsa bututun hayaƙi daga gefe zuwa gefe, ba ɗiba, ba tiyo, amsa cikin sakan biyu ko uku. Inda ƙura ba ta yi kauri ba suna aiki sosai, ko da yake tagoginsu ma sai ana hura masu iska mai tsabta kullum. A bakin tanderun siminti kuwa, inda hayaƙi ya yi duhu da gari, haske ba ya ratsawa, sanda da mataci ake komawa.

Wani lokaci kuma ƙurar ce kanta ake son aunawa, domin a san nawa ma'aikata ke zubarwa bisa gari. A nan abin da mataci ya riƙe shi ne abin nema. Ana busar da wani faifai na zaren gilashi, a ɗora shi bisa sikeli mai gane kashi guda cikin goma na miligiram, a rubuta nauyinshi. A zura sanda cikin bututu, bakinta yana fuskantar hayaƙin, a daidaita famfo yadda gudun zuƙa zai yi daidai da gudun hayaƙin a wannan wuri. In zuƙar ta fi sauri, manyan ƙwayoyi su wuce gefe, awo ya gaza, in ta fi nawa, su faɗa ciki fiye da rabonsu. Ana matsar da sandar wuri wuri a faɗin bututun, domin ƙura ba ta tafiya daidai ko'ina. In an gama a sake busar da faifan a auna. Bambancin nauyin nan biyu, in an raba shi da yawan hayaƙin da aka zuƙa, shi ne adadin da ake rubutawa cikin rahoto.